Hayar babur a Tailan da lasisin mota: amsa ga mai shirin tafiya

Wani matashi ɗan kasuwa ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, ina shirin zuwa Tailan bayan salla, kwana goma sha biyu. Zan sari kaya a Bankok, daga nan in wuce Phuket in ɗan huta. Abokina ya ce a can fasfo kawai ake nunawa a ba ka babur haya, babu mai tambayar lasisi. Ni kuwa tun ina shekara goma sha biyar nake hawa babur a Zariya, amma lasisina na mota ne. Dole sai na yi lasisin ƙasa da ƙasa? Kuma inshorar tafiya da na saya za ta biya idan wani abu ya same ni?"

Ƙanena, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Na zauna a Chiang Mai, a arewacin Tailan, shekaru kafin in dawo gida in kama aikin inshora, kuma na sha ganin mai shago ya miƙa makullin babur ga baƙon da ko sau ɗaya bai taɓa hawa ba, ya nuna masa inda totur yake, ya ce Allah ya kiyaye. Sai dai abokinka rabin labarin ya ba ka. Mai shago kuɗinsa yake nema da tabbacin babur ɗinsa zai dawo. Ko doka ta yarda ka hau, ko wa zai biya asibiti idan ka faɗi, wannan duk ba damuwarsa ba ce, taka ce kai kaɗai.

Amsar tambayarka ta farko ita ce e, sai ka yi, kuma da lasisin da kake riƙe da shi yanzu ko ka yi ba zai amfane ka a kan babur ba. Bari in warware maka dalili, don a nan mutanenmu suka fi ruɗewa.

Abin da muke kira lasisin ƙasa da ƙasa ɗan littafi ne da yake fassara lasisinka na gida zuwa harsuna da yawa, don ɗan sandan wata ƙasa ya gane abin da ƙasarka ta yarje maka ka tuƙa. Shi kaɗai ba ya aiki, sai an haɗa shi da lasisin gida na asali, kuma ba ya ƙara maka izinin da ba ka da shi. A cikinsa akwai shafi mai ɗauke da rukunoni, A, B, C, D, kowane da gurbin hatimi a gefensa. Rukunin A na babur ne, B na ƙaramar mota. Lasisinka na Najeriya rukunin B ne, saboda haka hatimi a gurbin B kawai za a buga maka, gurbin A ya zauna fayau. Ɗan sandan da zai tare ka a shingen bincike a hanyar Patong, garin shaƙatawa na bakin teku a Phuket, ya san wannan shafi kamar yunwar cikinsa, domin aikinsa ke nan kullum. Yana karɓar littafin can zai buɗe, ya ɗora yatsa a kan A.

A gida mun saba babur abu ne da yaro yake koya a lungu, ya girma yana hawa, har ya yi acaɓa da shi, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Shi ya sa za ka samu mutum ya shekara ashirin a kan babur amma bai san akwai rukunin A a lasisin Najeriya ba. Akwai shi. Abin da za ka fara yi shi ne ka je ofishin lasisi na jiharku, inda jami'an hukumar kiyaye haɗurra suke ɗaukar hoto da zanen yatsa, ka nemi lasisin babur ta hanyar da ta dace, sannan ka nemi na ƙasa da ƙasa a kansa. Ka ba abin lokaci, kada ka bari sai saura mako guda ka tashi. Kuma ka guji shafukan intanet masu cewa za su aiko maka da lasisin ƙasa da ƙasa cikin mintuna idan ka biya dala kaza. Ƙasar da ta ba ka lasisin gida ita kaɗai take da ikon ba ka wannan littafi, ko wata ƙungiya da ta ɗora wa aikin. Wancan na intanet kwali ne kawai mai kyan gani, kamfanin inshora ba zai dube shi ba.

Littafin iri biyu ne da ake yawan amfani da su, saboda yarjejeniyoyi biyu ne suka haife shi. Akwai ta Jeniba ta 1949, wadda littafinta yake aiki shekara ɗaya, da ta Biyana ta 1968, wadda nata yake iya kai shekara uku matuƙar lasisin gida bai ƙare ba. Najeriya tana cikin duka biyun, ta Biyana a 2018 ta shige ta, Nijar ma tana cikin duka. Tailan ta daɗe a cikin ta 1949, ta kuma tabbatar da ta 1968 a 2020, don haka kowanne ka riƙe ya yi. Na ambaci wannan ne saboda 'yan kasuwarmu sukan zarce Biyetnam daga Bankok, can kuwa na 1968 kaɗai suka sani. Shekarar yarjejeniyar tana rubuce a bangon littafin, ka duba ranar da ka karɓa.

Idan aka tare ka babu lasisin da ya dace, tara za ka biya a ba ka rasit, sau da yawa ma ka hau babur ɗin ka ci gaba da tafiya. Wannan sauƙin ne yake yaudarar baƙi, har su riƙa lissafa tarar a cikin kuɗin yawon buɗe ido kamar kuɗin abinci. Ni tarar ba ta dame ni ba. Abin da yake hana ni barci idan na ji ɗan'uwa zai yi irin wannan tafiya shi ne tambayarka ta biyu.

Kowane babur mai rajista a Tailan doka ta wajabta masa wata inshora da suke kira Por Ror Bor, a ƙarƙashin dokar kare waɗanda haɗarin mota ya shafa ta 1992. Idan mai shago ya ce maka "akwai inshora", kusan kullum wannan yake nufi. Ita jikin mutum kawai ta sani, ba ruwanta da babur ɗin da ya lalace ko motar da ka goga. Tana biyan kuɗin magani na farko har baht 30,000 (baht shi ne kuɗin Tailan) ba tare da an jira a gano mai laifi ba. Wanda aka tabbatar ba shi da laifi ana iya biya masa har baht 80,000 na magani, mutuwa ko naƙasa ta dindindin kuma baht 500,000. Amma direban da laifin yake wuyansa, ko wanda ya zame shi kaɗai a kwana babu wanda ya taɓa shi, a kan wancan 30,000 ɗin zai tsaya. Kuɗin nan bai cika dala dubu ɗaya ba. A asibitin kuɗi na Phuket, irin wanda ake garzayawa da baƙi, hoton ƙashi da ɗinki da kwana ɗaya ko biyu a gado sun isa su cinye shi. Idan aka kai ga tiyata da sa ƙarfe a ƙafa, lissafin ya bar wannan waje da nisa.

To sauran wa zai biya? A nan ne mutum yake tuna inshorar tafiyarsa. Ka ɗauko takardar da aka ba ka, wadda na san ba ka karanta ba tunda don biza yawancinmu muke saye, ka nemi sashen abubuwan da kamfani ba ya biya. Kusan kowace irin wannan takarda tana da magana a kan babur. Wasu sun cire shi ɗungurungum sai ka ƙara kuɗi. Waɗanda suka yarda kuma da sharaɗi suka yarda: kana da lasisin da ya halatta maka hawa wannan babur a ƙasarku da ƙasar da kake, kana sanye da hular kwano, ba ka sha abin maye ba, kuma da yawa sukan ƙayyade girman inji, galibi kada ya wuce cc 125. Sharaɗi ɗaya ya faɗi, biyan ya faɗi. Mu da muke wannan aiki, idan takardar neman biya ta zo a kan haɗarin babur, abu biyu ake fara nema kafin a dubi rasit ɗin asibiti: rahoton 'yan sanda da hoton lasisi gaba da baya.

Maganar girman inji kada ka raina ta. A gaban shago za ka ga Honda Scoopy mai 110 da Honda Click mai 125, a gefensu kuma ga Yamaha NMAX mai 155 da Honda PCX mai 160, masu faɗin kujera da kyan gani. Mai shago zai ce ka ƙara kaɗan ka ɗauki babban, ya fi daɗin hawa tudu, kuma gaskiya ya faɗa. Amma idan takardarka ta ce 125, wannan ɗan ƙarin ya fitar da kai daga inshorar gaba ɗaya ko da lasisinka cikakke ne.

Akwai wani yaro ɗan wajenmu, ɗalibi, da na je dubawa a wani asibiti lokacin ina can. Shi ma gwanin babur ne tun daga gida. Ya fito daga cin abincin dare, ruwa ya ɗan yayyafa, ya shiga kwana tayar gaba ta zame, cinyarsa ta karye. Na same shi kwance an ɗaure ƙafar da ƙarafuna, fatar hannunsa ta dama duk ta saɓule, wayarsa a kan ƙirji yana jiran amsar kamfanin inshora. Ina zaune amsar ta shigo, layi uku ce. Sun ce suna masa fatan samun sauƙi, amma lasisin da ya turo na mota ne. Bai ce komai ba, ya miƙo mini wayar ya juya fuskarsa bango. Kowace safiya wata ma'aikaciya takan shigo da takardar lissafi cikin ladabi ta ajiye a gefen gado. Sai da aka yi karo-karo a masallaci bayan Juma'a, mahaifinsa kuma ya sayar da fili a gida, kafin aka sallame shi. Ya warke, yana tafiya da ƙafarsa, alhamdu lillahi. Amma duk lokacin da wani ya ce mini "ai babu mai tambayar lasisi", fuskar yaron nan nake gani.

Akwai kuma ɓangaren da ko inshorar tafiya mai kyau ba ta cika shiga ba, wato ɓarnar da ka yi wa wani. Yawancinsu sun rubuta ƙarara cewa ba sa ɗaukar alhakin abin da ka jawo wa wasu da abin hawa mai inji. Idan ka bugi motar mutum, ko ka ture mai tallar abinci, a ofishin 'yan sanda ake zama a sasanta diyya, da harshen da ba ka ji, kuma tafiyarka gida tana iya tsayawa har sai an kammala. Manyan shagunan haya wasunsu suna da ƙarin inshora ta son rai wadda take biyan irin wannan da lalacewar babur. Ka tambaya, kuma ka ce a nuna maka a rubuce, tare da adadin da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu.

Game da gwanintarka, ban musa ba, wanda ya iya ratsa cunkoson Sabon Gari da babur ya iya babur. Amma abu biyu za su juya maka, kuma sabo ne zai cuce ka a cikinsu. Na farko, a Tailan hannun hagu ake bi. Mu tun 1972 muka koma dama, don haka kai ba ka taɓa sanin wani hannu ba. A kan babban titi mai cike da motoci ba za ka manta ba, kowa yana tuna maka. Inda ake mantawa shi ne da sassafe ko da dare, titi babu kowa, ka fito daga gidan mai ko bakin masauki, jikinka ya kai ka dama da kansa. Shataletale kuma ta hagu ake shigarsa, kwanar dama ita ce mai tsallaka titi. Na biyu, yawancin baburan haya ba su da giya ba su da kuloci. A kan Boxer hannunka na hagu kuloci yake kamawa, ƙafar dama tana kan birkin baya. A kan waɗannan, abin da yake hannun hagu shi ne birkin baya, ƙasan ƙafarka kuwa babu komai sai dandamali. Ranar da kare ya faɗo maka titi, ƙafarka za ta nemi birki ta taka iska, hannunka ya damƙe abin da ya ɗauka kuloci ne taya ta kulle. Ka samu fili ko layin da babu motoci ka yi rabin awa kana tashi kana tsayawa kafin ka shiga gari.

Tayoyin waɗannan babura ƙanana ne, ba sa yafe yashi ko rami. Phuket kuwa tsibiri ne mai tsaunuka, hanyar da take haurawa daga Kathu ta gangara Patong da wadda ta bi ta Karon da Kata duk hawa ne da gangara da kwana mai kaifi, ga manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suna sauka a bayanka. Idan har ka kai arewacin ƙasar, za a yi ta kwaɗaita maka hanyar Chiang Mai zuwa Pai mai lamba 1095, wadda aka ƙirga mata lanƙwasa 762. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta baƙon kwana uku ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya sa Tailan cikin ƙasashen da suka fi yawan mace-macen hanya, kuma kusan uku cikin kowane huɗu da suka mutu a kan babur ko mai ƙafa uku suke. Idan tafiyarka ta faɗo tsakiyar Afrilu, lokacin bikin Songkran da ake watsa wa masu wucewa ruwa daga 13 zuwa 15 ga wata, ka bar babur kwata-kwata. Su kansu 'yan ƙasar "kwanaki bakwai masu haɗari" suke kiran wannan mako.

Hular kwano dole ce ga direba da wanda ya goya, tararta tana iya kai baht 2,000. Wadda shago yake bayarwa kyauta sau da yawa roba ce sakayau mai tsinkakken maɗauri. Ka zaɓi mai rufe haɓa, idan babu ka sayi taka, ba ta da tsada. Ka sa takalmi rufaffe da wando mai kauri, ka bar silifas a masauki. Doguwar riga ka tattare ta, idan kuma da iyali za ka je, a kula da bakin hijabi da abaya kusa da tayar baya, a kula da salansa wajen sauka, domin tana yawan ƙona ƙwaurin waɗanda ake goyawa.

Yanzu fasfo. Kada ka bar shi a shago, ko da mai shagon ya yi maka fara'ar duniya. Fasfonka a aljihun teburinsa yana nufin duk kuɗin da ya yanka maka ranar mayarwa sai ka biya, tunda jirginka ba zai jira ka ba. Na taɓa raka wani baƙo mayar da babur, mai shago ya durƙusa ya nuna wani ƙwarzane a ƙasan roba, wurin da sai ka kwanta za ka gani, ya ce sai an canja robar gaba ɗaya. Ba mu da hoto, fasfo yana hannunsa, jirgi da yamma. Biya aka yi. Ka ba su kwafin fasfo da kuɗin ajiya, galibi baht dubu biyu zuwa biyar ne ga ƙananan babura, a rubuta maka rasit. Wanda ya ce lallai sai fasfo na asali, ka yi masa sallama ka matsa gaba, shagunan suna da yawa.

Kafin ka karɓi makulli, ka kunna bidiyon wayarka a gaban mai shagon ka zagaye babur ɗin a hankali, har ƙasan roba da salansa da madubai da ƙarshen hannun birki, ka ɗauki lambar babur da allon mai. Ka matsa birki biyun, ka duba zanen taya, ka gwada fitila da sigina da hon. Sannan ka nemi 'yar takardar harajin shekara da ake maƙalawa a jikin babur, domin ba a sabunta ta sai da inshorar dole mai rai. Shekarar da za ka gani a kanta za ta ba ka mamaki, saboda da kalandar Buda suke lissafi, wadda ta girmi ta Miladiyya da shekara 543. Wato 2025 ita ce 2568 a wajensu, 2026 kuma 2569. Idan shekarar da wata sun wuce, kada ka hau. A takardar yarjejeniya kuma ka nemi inda aka yi maganar sata, don yawanci idan aka sace babur a hannunka kuɗinsa cikakke za ka biya. Ka riƙa kulle kansa duk inda ka ajiye, da dare kuma ka shigar da shi harabar masauki. Mai a gidan mai za ka sha, Gasohol 91 ko 95, ka tambayi mai shago wanne. Za ka ga ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanya kamar 'yan bumburutunmu, ya fi tsada, na ranar da ka maƙale ne.

Idan ƙaddara ta faɗa, lambar motar asibiti 1669 ce, 'yan sandan masu yawon buɗe ido kuma 1155, suna jin Turanci. Ka sa su a wayarka tun kana filin jirgi, tare da lambar gaggawa ta kamfanin inshorarka. Kada ka gudu daga wurin, kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da harshen Tai ba tare da an fassara maka ba, kuma ka tabbata an rubuta rahoton 'yan sanda ka karɓi kwafi. Ka kira kamfanin inshora tun kafin a shiga tiyata idan hali ya yi, domin da yawansu sun shar'anta a sanar da su kafin a yi babban aiki.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. A Bankok ba zan ko kalli babur ba. Jirgin ƙasa na sama da na ƙarƙashin ƙasa sun isa, kayan da ka sara a kasuwar Pratunam kuma ai mota suke buƙata. Idan sauri ya kama ka akwai 'yan acaɓarsu masu riga ruwan lemo a bakin kowane layi, akwai Grab, manhajar kiran mota ko babur, a waya. A Phuket, idan rukunin A ya samu kafin tafiya, kuma kamfanin inshora ya amsa maka a rubuce cewa ya yarda da babur mai 125, ka ɗauki Click ka yi yawonka da rana, ka dawo masauki kafin magariba. Idan bai samu ba, lasisinka na B da littafin ƙasa da ƙasa sun ba ka damar hayar ƙaramar mota, wadda manyan kamfanoni suke bayarwa da inshora ta sosai, ko ka ɗauki direba na yini ku raba kuɗin da abokan tafiya. Ka aika wa kamfanin inshorar tambayar yau, ka ambaci sunan ƙasar da girman injin da rukunin lasisinka, amsar da suka ba ka kuma ka buga ta a takarda ka sa a jaka ɗaya da fasfo.